Rijiya ta Goma Sha Takwas

Allon sanarwa ya iso gidan masu awara ranar Talata da hantsi, yana zagayensa na gida-gida kamar kullum, kowa ya karanta ya buga hatiminsa ya miƙa wa maƙwabci. Tomie tana kan tukunyar waken suya, hannunta duk kumfa, don haka mijinta Sakuzo ne ya karɓa. Da ma ta bar tukunyar ta ƙone ta karɓa da kanta!

Takardar daga ofishin ruwa na jiha take. Wai saboda ambaliyar bara, wadda ta tsallake ganuwar ƙasar da ta kewaye ƙauyen Hirube ta kwana huɗu a tsakar gidajen mutane, za a turo ma'aikata nan da kwana goma sha biyu su auna ƙarƙashin ƙasa. Ana so a gani ko shimfiɗar yumɓun da ta rufe ruwan rijiyoyi tana nan lafiya. In aka sami kafar da ƙazamin ruwa zai bi ya gangara, to za a rufe rijiyoyin, kowa ya koma famfo.

"Famfo?" Tomie ta ajiye ludayi. "Da ruwan famfo zan yi awara? Ruwan da ke warin maganin wanki?"

Ba a banza hankalinta ya tashi ba. Rijiyar da ke ƙofar shagonta ba ta san guga ba. Ruwa ne ke tasowa da kansa ta bakin bututu, yana kwarara cikin kwamin dutse dare da rana, sanyi ƙalau ko da zafi ya kai zafi. Da shi kakarta ta yi awara, da shi uwarta ta yi, kuma saboda shi mutanen birni ke tuƙo mota su zo su yi layi. In aka ɗauke ruwan nan, an ɗauke shagon ke nan.

Shi kuwa Sakuzo sai ya ji kamar albishir aka yi masa. Ya gyara zaman hularsa, ya bubbuga allon da yatsa.

"Kwantar da hankalinki. Awon ƙasa, ina zaune a garin? Shekara ashirin da tara ina wannan aikin! Kafin 'yan jihar nan su gama ɗaura takalmi na auna ƙauyen nan kaf, na miƙa musu takarda su sa hannu su koma inda suka fito."

"Mota ka tuƙa wa masu awon, Maigida."

"To wa ya kai su wurin? Na'urar ce ke da ƙafa?"

A nan sai an faɗi gaskiya. Sakuzo ya yi shekara ashirin da tara a wani kamfanin awon ƙasa, wannan ba ƙarya. Amma a bayan sitiyari ya yi su, yana jin rediyo yana cin gyaɗa, in an rasa hannu a kira shi ya ja waya. Kuma shi ba ɗan Hirube ba ne. Daga can cikin duwatsu ya zo ya auri Tomie, ya tare a gidan iyayenta, ya ɗauki sunan gidansu. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, gashin kansa ya yi fari fat, amma har gobe tsofaffin ƙauyen "angon gidan Hibino" suke ce masa. Abin yana yi masa ciwo, ba ya faɗa dai.

Kwana biyu tsakani sai ga shi da ƙaramar motar kai awara shaƙe da kaya: akwatin na'ura guda biyu da kamfanin ya jefar tun kafin ya bar aiki, da turakun ƙarfe, da nannaɗen waya, da batirin mota har huɗu. Ya tsaya a filin da tsofaffi ke buga ƙwallon katako, ya sauke kayan ɗaya bayan ɗaya don kowa ya gani.

"Ku matso in koya muku," in ji shi. "Ana kafa turakun nan a jere, a saki wuta cikin ƙasa. Inda yumɓu yake, wuta ta wuce salin-alin. Inda yashi yake, ta yi gardama. Allurar nan ita ke faɗa mini wanne ne wanne. Mu a aikinmu, da ƙasa muke hira."

Tsoho Kuze, shugaban kwamitin ganuwa, ya dogara sandar ƙwallonsa ya dube shi ta saman tabarau. Shekararsa tamanin da uku, kuma bai taɓa gaggawar magana ba.

"Ango, ka yi hirarka da ƙasa, ba mai hana ka. Abu ɗaya zan gaya maka. Rijiya goma sha bakwai ce a cikin ganuwar nan, kowace da allonta da lambarta da sunan mai ita. Ruwan ƙasanmu a matse yake, kafa kawai yake nema. Ka huda nan, na can ya rage. Kakanninmu sun fasa wa juna kai da fartanya kafin a tsaida goma sha bakwai ɗin nan. Saboda haka ban da huda."

"Huda? Haba Baba Kuze! Huda aikin mutanen da ne. Mu daga sama muke gani."

Aka fara daga bakin gonar Gwaggo Masae. Sakuzo ya jera turaku ashirin, ya ja waya ta tsallake magudanar da ke gefen hanya, ya haɗa batirin nan huɗu da wata 'yar na'urar ƙara wuta, ya murɗa maɓalli. Bai lura ba, ɓera ya ci rigar wayar daidai inda ta nutse a ruwa. Gwaggo Masae kuwa tana tsaye cikin magudanar har gwiwa tana wanke albasa.

Ihun da ta yi har tsallaken kogi an ji. Matar da ta shekara goma tana ɗingishi, sai ga ta a kan hanya cikin tsalle ɗaya, albasa na tashi sama. Kafin a gama cewa sannu, tarwaɗa suka fara tasowa ciki a sama, manya-manya, sun suma. Tsofaffin nan suka watsar da sandunan ƙwallo suka rufa da bokitai.

"Kashe ni za ka yi, ɗan duwatsu?" Gwaggo Masae ta taso masa da sauran albasar. "In kifi kake nema ka ce kifi!"

"Gwaggo, dubi ƙafarki. Da ɗingishi kika zo nan, yanzu ji yadda kike tafiya. Ban ma caje ki ba."

Albasar ta same shi a kunne. Amma a ranar kowane gida an soya tarwaɗa, don haka ba a tsananta ba.

Washegari ya naɗe wayar da salatif ya koma bakin hanya. Yana sakin wuta allura ta kwanta war a gefe guda, ta ƙi tashi. Sakuzo ya daka tsalle.

"Kogi! Kogi ne a ƙarƙashinmu! Babu wanda ya taɓa gano shi sai ni!"

Ya kafa jar tuta, ya matsa gaba da turaku, allura ta sake kwanciya, ya kafa wata. Mutane suka fito suna bin sa a baya. Kogin nan ya miƙe ɗoɗar tare da hanya, bai karkata ko kamu ɗaya ba. Da ya iso akwatin gidan waya sai ya yi kwana hagu, kwana mai kyau irin ta soja.

"Injiniya," in ji Gwaggo Masae daga baya, don tun ranar albasa ta raɗa masa wannan suna, "kogin naka ya iya hanya fa. Ko ya yi makarantar tuƙi?"

"Kogunan ƙasa haka suke. Sai wanda ya karanta."

Tuta talatin da shida ya kafa, rana na dukansa, gumi har cikin takalmi. Ta ƙarshe ya kafa ta a jikin bangon makewayin tashar bas, don nan kogin ya ƙare. Jama'a suka tsaya suna kallon ƙofar makewayin, kowa ya danne bakinsa. Tsoho Kuze ya ƙaraso a hankali, hannu a baya.

"Bututun ƙarfe ne, Ango. Ni na binne shi da hannuna shekarar da aka gina tashar."

"To me ya hana ka faɗa tun daga tuta ta farko?"

"Likita ya ce in riƙa tattaki."

Wani zai tattara kayansa a nan. Sakuzo sai ya ce laifin na'urar farko ne, ta tsufa, ya buɗe akwati na biyu. Wannan kuma ta sauraro ce. Ana ajiye farantin ƙarfe a ƙasa a maka masa guduma, wasu 'yan kunnuwan ƙarfe da aka soka a ƙasa su ji yadda ƙarar ta tafi ta dawo. Sharaɗinta ɗaya, kada komai ya motsa. Sai ya hau ofishin ƙauye ya yi shela ta lasifika cewa ƙarfe goma daidai kowa ya tsaya cak inda yake, har sai an ji guduma.

Mutanen Hirube, a yi musu komai, ba sa ƙin shelar lasifika. Ƙarfe goma na bugawa ƙauyen ya daskare. Mai kai wasiƙa ya tsaya ƙafa ɗaya a kan keke ɗaya a ƙasa. Wata mata ta tsaya da rigar shanya a sama. Tsofaffi suka ƙame da sandunansu. Amma allurar sai rawa take yi, ɓar-ɓar-ɓar, ba a ko taɓa gudumar ba.

"Wani yana motsi! Waye?"

"Cikina ne," in ji wani tsoho. "Tarwaɗarka ce."

Sakuzo ya bi rawar allura gida-gida, sai ga shi a ƙofar shagonsu. Injin niƙan waken Tomie ne ke ta aikinsa.

"Tomie! Ba ki ji shela ba? Kashe injin nan minti biyar!"

"Waken da ya jiƙa ba ya jiran injiniya."

"Rijiyarki fa nake ƙoƙarin cetowa!"

"To ka cece ta a hankali, ina da masu saye arba'in gobe."

Da ƙyar da roƙo ta kashe. Ya koma fili a guje, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gudumar har bayan kansa, ya kawo ta da dukan ƙarfinsa. Ƙotar ce kaɗai ta iso farantin. Kan gudumar ya riga ya tafi ta baya, ya tsallake katanga, aka ji ƙum, sannan aka ji fashewar tulu. Tulun tsimin kayan lambun Gwaggo Masae ne, wanda ta shekara uku tana lallaɓawa. Warin ya rufe unguwa, amma ba wanda ya motsa, don ba a ji guduma a kan faranti ba tukuna. Ita kanta Gwaggon daga inda ta ƙame take zaginsa, ba ta ɗaga ƙafa ba.

Da yamma yana lodin kaya ya ji su a bayan katangar fili suna dariya har da tari. Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, mutumin duwatsu ina ya san ruwa? Tuƙin ma Tomie ta fi shi." Sakuzo ya tsaya da waya a hannu. Maganar ta soke shi ƙwarai, har ya ji idonsa ya yi zafi. Shekara arba'in da ɗaya yana ɗaukar buhun yashi tare da su duk damina, kuma har yanzu baƙo ne.

Yana cikin wannan ɓacin rai sai ya tuna wani abu. Ai manyan ma'aikatan nan da yake tuƙawa, in sun gama da waya da guduma, ƙarshenta sukan kafa inji su zura bututu su zaro ƙasar kanta, mulmulalliya, a jera ta a akwati. In ya zaro yumɓun nan ya dire shi a gaban Kuze da 'yan jiha, wa zai sake cewa tak? Ba rijiya zai haƙa ba ai. 'Yar kafa ce kamar bakin kofi, a leƙa a toshe. A garinsu ma sai ka yi wata kana haƙa kafin ka ga danshi.

Ya aro injin buga bututu wurin wani tsohon abokin aikinsa, ya kafa shi a kusurwar filin ƙwallo, taku sittin daga shagon awara, ya rufe da shuɗin tanti. Ya ce sabuwar na'ura ce, ba ta son rana. Da aka fara jin dum, dum, dum daga safe har la'asar, ya ce awon guduma ne ake ci gaba.

"Maigida," in ji Tomie tana zuba masa shinkafa, "dube ni. Ba huda kake yi ba dai ko?"

"Awo nake yi."

"Ban tambaye ka abin da kake kiransa ba."

"Miyar nan ta yi daɗi yau," in ji Sakuzo.

Rana ta uku ta faɗo daidai ranar atisayen ambaliya, wanda ake yi kowace shekara kafin damina. Maza da mata duk suna kan ganuwa da hulunan kwano, ana cika buhunan yashi ana jerawa, Kuze na busa usur. Sakuzo ya ce bayansa na ciwo. Daga kan ganuwar ana hango filin ƙwallo tas, ana kuma jin dum, dum ɗin nan da kowa ya riga ya saba da shi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ƙarar ta canza. Dum ɗin ya koma fus, sannan shiru. A cikin tanti Sakuzo ya ga bututun ya zurma da kansa kamu biyu. Ya leƙa bakinsa yana murmushi, yana shirin cewa an iso. Ruwan ya same shi a fuska.

Waɗanda ke kan ganuwa sun ga tantin ya kumbura, ya tumɓuke turakunsa, ya tashi sama yana juyi, ya sauka a kan rufin ofishin ƙauye. A inda yake sai ga ruwa tsaye ya fi tsayin mutum biyu, fari sol, yana watso yashi da tsakuwa. A gindinsa ga Sakuzo yana ƙoƙarin toshe bututun da hula. Hular ta bi tanti. Ya cusa tawul, tawul ya bi hula. Da ya rasa dabara sai ya kifa bokiti a kai ya haye ya zauna, ruwan ya riƙa ɗaga shi yana saukewa, yana feshi ta kowane gefe.

"Tabɗi!" in ji Gwaggo Masae. "Injiniya ya hau kogin nasa!"

Tsoho Kuze bai yi dariya ba. Ya busa usur sau uku, ya nuna filin da sanda.

"Buhuna! Kowa ya ɗauko biyu! A kewaye shi, a bar masa baki ɗaya wajen magudana! Yau ba wasa ba ne!"

Suka gangaro a guje, tsofaffi da buhuna a kafaɗa. Kafin su iso fili ya zama tafki, ƙwallayen katako na yawo a sama. Aka yi da'ira, aka fara jera buhu kan buhu yadda ake yi wa ruwan da ya ɓullo a gindin ganuwa, Sakuzo yana tsakiya a kan bokitinsa yana ba da umarni.

"Ta nan! Ku ƙara ta nan! Kun gani ko? Na ce muku akwai ruwa!"

"A sa shi a cikin buhu shi ma!" wani ya amsa.

Mutum ɗaya ce ba ta nufi filin ba. Tomie, da ta ga ruwan nan ya tashi, sai ta yar da buhunta ta yanki hanyar gida. Sakuzo ya hango ta daga kan bokiti. Ta isa ƙofar shago ta tsaya a gaban kwamin dutse, ta sunkuya, ta sa hannu a bakin bututun, ta daɗe a haka. Ko daga nesa ya gane. Rijiyar ta ɗauke. Ya sauko daga bokitin, ruwan ya sake tashi ya jiƙa kowa.

Ma'aikatan jiha suka iso ranar da aka sa. Shugabarsu wata mata ce mai sanyin murya, Injiniya Nagaya. Ta zagaya da'irar buhunan nan sau ɗaya, ta dubi ruwan da ke ta ambaliya cikin magudana. Yini biyu suka yi suna jera turakunsu layi-layi daga wannan ganuwa zuwa waccan. Ba wanda wuta ta ja, ba a kuma ce kowa ya ƙame ba. Rana ta uku aka tara ƙauyen a zauren taro, kowa ya cire takalmi ya zauna a tabarma.

Zuwa lokacin Sakuzo ya ɗan farfaɗo. Ya sa kwat, ya zauna a sahun gaba, ya raɗa wa na kusa da shi cewa aikin da suka yi a yini biyu ai shi ya share musu hanya.

Injiniya Nagaya ta haska hoto a bango, hoton ƙasar ƙauyen kamar an yanka ta an duba ta gefe. A tsakiya ga wani shuɗin layi mai kauri ya miƙe daga gefe zuwa gefe.

"Wannan shuɗin shi ne yumɓunku," in ji ta. "Na auna ƙauyuka da yawa a bakin kogin nan, ban ga mai kyansa ba. Ya rufe ruwanku kamar murfin tukunya. Rijiyoyinku goma sha bakwai kuwa an liƙe gefensu da kyau tun asali. Ruwan bara bai shiga ko'ina ba."

Zauren ya ɗauki tafi. Sakuzo ya miƙe ya juyo yana rusunawa.

"Abin da nake ta faɗa ke nan! Ba kafa!"

"Akwai ɗaya," in ji ta.

Ta matsa hoton gaba. Ga wani siririn jan layi ya ratsa shuɗin daga sama har ƙasa. Sakuzo ya matsa kusa ya ƙura masa ido, ya gyaɗa kai irin na masana.

"Lallai. Wannan mugun wuri ne. Tsohuwar tsaga ce ko, abokiyar aiki? Irin ta girgizar ƙasa?"

"Kwananta biyar, ranka ya daɗe."

Dariyar da aka yi sai da tagogi suka amsa. Gwaggo Masae ta kwanta a kafaɗar ta kusa da ita tana share hawaye. Injiniya Nagaya ta jira aka lafa, sannan ta ce dole a cika ramin da siminti da yumɓu kafin ruwan sama ya sauko, don gefen bututun duk ya zaizaye, in ambaliya ta zo ta nan ƙazanta za ta bi.

Tsoho Kuze ya ɗaga hannu. Ya ce ba a cike rijiya haka kawai a Hirube. Duk ramin da ya ba da ruwa yana da mai tsaronsa wanda ba a gani, kuma sai an bar masa gora a tsaye ya riƙa numfashi ta cikinta. Injiniya ta ce gorar ai ita ma kafa ce. Kuze ya ce to ba za a shaƙe mai tsaro a zamaninsa ba. Aka yi ta ja, har aka daidaita: za a sa gorar, amma gindinta a cikin siminti, bakinta kuma ya wuce inda ruwan bara ya kai. Wato gora mai tsayin gidan sama, a kusurwar filin ƙwallo.

"Kuma tunda rijiya ce," in ji Kuze, "sai an rataya mata allo. Lamba goma sha takwas. Da sunan mai ita."

Kun san abin mamaki? Sakuzo sai ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Rijiya da sunansa, a cikin ganuwar Hirube! Har ya fara tambaya ko da wane irin katako za a yi allon.

"Saura magana ɗaya," in ji Injiniya Nagaya, ta duba takardarta. "Rijiya ta shida, ta gidan Hibino. Ita ta fi kusa da ramin. In an toshe, ruwanta zai dawo. Amma ba zan iya cewa a sha shi ko a dafa abinci da shi ba sai damina ta wuce mun sake gwadawa. Wata huɗu ke nan. Ku yi haƙuri."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san shagon nan bai taɓa rufe ƙofa ba, ko a shekarar da ruwa ya kai taga daga saman bene aka sayar. Tomie ta miƙe daga sahun baya, ta rusuna wa injiniya, ta rusuna wa jama'a ta ba su haƙurin abin da gidanta ya jawo, ta sa takalminta ta fita.

Sakuzo ya same ta a shago tana wanke ƙyallen tacewa tana ninkewa. Ta kife tukwane, ta juye waken da ya jiƙa a bokitin kaji. Ya so a ce ta yi masa ihu, ko ta jefe shi da wani abu kamar yadda Gwaggo Masae ta yi, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Tausayinta ya kama shi, kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Tomie, in aka duba ta wani ɓangaren, yanzu an san kaurin yumɓun daidai..."

Ta miƙo masa farar takarda da alƙalamin tawada.

"Rubuta. Mutanen birni za su zo gobe su tarar da ƙofa a rufe."

Ya durƙusa ya rubuta: *An rufe har kaka.* Ya tsaya da alƙalami a sama.

"Ai sai an faɗi dalili. In sa 'saboda binciken kimiyya'? Ko 'saboda gyaran ƙarƙashin ƙasa'?"

"Sa sunanka."

"Sunana da me?"

"Sunanka kawai."

Ya dube ta, ya ga idonta ya yi ja. Ya tsoma alƙalami ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, ya fita da kansa ya manna a ƙofa. Da safe masu sayen awara suka zo da kwanoninsu, na ƙauye da na birni. Kowa ya karanta, ya gyaɗa kai, ya juya. Ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa ya nemi ƙarin bayani ba.